Teburin Masu Fansho

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Baba, ƙafar ta sauka? Na zaɓi rubutu ne don na san halinki, da na kira sai ki buɗe muryar wayar kowa ya sha labari.

Na fara aikin hutun a bankin. Ni da na ci burin zama a kanta ina yanga, sai aka kai ni wani lungu kusa da matakala, teburin tantance masu fansho. Sanyin wurin har cikin ƙashi, ga shi ba taga. Tsoho zai zo ya ɗora babban yatsa a kan wata 'yar na'ura don a tabbatar yana raye. In fitilarta ta kawo kore, sai ni ma in ɗora nawa in shaida, shi ke nan. Yatsun tsofaffi sun goge, don haka matar da ke koya mini aiki, Anti muke ce mata, ta nuna mini dabara: a goga yatsan a goshi ya ɗan samu maiƙo.

Anti ba ta da fara'a ko ta sisi. Amma akwai abin da na kasa ganewa. Jiya na'urar ta ƙi wani tsohon direban jirgin ƙasa, sai ja take kawowa. Ina ta fama, Anti ta dafa hannuna ta ce in bari. Ta kawo masa ruwa a kofi, ta ce ya dawo mako mai zuwa, ta raka shi har ƙofa da kanta. Matar da ko manaja ba ta miƙe wa!

Ki gaida Baba, ki ce ya rage yawo.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya. Ni dai jikina lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Direban nan bai dawo ba. Ɗansa ne ya zo ya sanar cewa ya rasu, lafiyarsa ƙalau ya kwanta. Na ce kwana ne ya ƙare. Sai aka yi wata tsohuwar unguwarzoma mai barkwanci, wadda ta ce za ta haɗa ni da jikanta. Ita ma ja, ita ma Anti ta ba ta ruwa ta raka ta. Ba a rufe mako ba 'yarta ta shigo da jajayen idanu.

Na tsare Anti da tambaya. Ta ce an sauya na'urar ba sau ɗaya ba, kowace sabuwa haka take yi a teburin nan, kuma ba ta taɓa ganin wanda na'urar ta ƙi ya dawo ba. Ta ce abin da ya rage mana kawai shi ne mu sallame su da mutunci. Ta faɗi haka ne tana gyara tabarau, kamar mai ba da labarin kasuwa.

Yaya, tsoro nake ji. Yanzu duk yatsan da na riƙe sai na yi ta addu'a kafin fitilar ta kama. Kuma na tuna lokacin tantancewar Baba ya yi, ga shi yana ta cika baki wai wurin Autarsa zai zo. Don Allah ki hana shi. Ki ce layin ya yi tsawo, ki ce an mayar da ni wani sashe, ki ce komai. Na san hana shi ba zai sauya abin da aka rubuta ba, amma ba zan iya zama ni ce mai gani ba.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya. Ban ga laifinki ba, wa ya taɓa hana Baba abin da ya sa gaba?

Yau da hantsi na ɗago kai na gan shi a layi, ya sha guga, ya karkata hula, yana nuna ni ga na kusa da shi. Na yi ta jan ƙafa, na ce sabis ya ɗauke, ya ce zai jira ko zuwa yamma ne. Da layi ya zo kansa na kama hannunsa, hannun da ya riƙa kai ni makaranta, na goga yatsan a goshinsa. Yana ta tsokanata wai yau ga Autarsa ma'aikaciyar banki guda. Na ɗora, na rufe ido.

Kore, Yaya! Tun ɗorawar farko. Hawaye suka zubo mini, na ce masa sanyin wurin ne. Ina dariya ina kuka na ɗora nawa yatsan don in shaida.

Ja ta kawo. Na goga a goshi na sake, ja. Na sauya hannu, ja. Yatsan da ta karɓa da safen nan ba gardama. Anti ta matso ta ɗora nata, aka sallami Baba, ya fita yana sa mini albarka, bai lura da komai ba. Ina bin bayansa da kallo sai na ji an ajiye abu a gabana. Kofin ruwa ne.

Anti ta ce in tafi gida in huta, in dawo mako mai zuwa. Har ƙofa ta raka ni.

Gobe zan taho, takardar shaidar aikin ta zauna musu. Ki gyara mini shimfiɗa a ɗakinki kamar da, ina so in kwana kusa da ke. Kada ki faɗa wa Baba komai, ki bar shi da murnarsa. In na taɓa ɓata miki, ki yafe mini.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta