Warin Fetur a Motar Marigayi

Anti Mas'uda, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa inda zan sa kaina. A unguwar Maamobi nake zaune. Mijina ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar mini 'ya ɗaya, Zuera, da tsohuwar motarsa. Da motar nan muke ci. Kowace safiya nakan kwashi yaran maƙwabta uku, da Zuera ta huɗu, in kai su makaranta a Kokomlemle, in ɗauko su bayan azahar.

Wata biyu ke nan motar tana warin fetur, kuma a baya ya fi yawa, daidai inda yaran suke zama. Ranar da na cika tanki abin ba a magana. Ni kuwa ba na barin gidan mai sai an jijjiga motar an ƙara, har man ya zo wuya, kamar yadda na ga marigayi yana yi. Ranar Talata muna cikin cunkoson motoci a Nima, Zuera ta ce kanta yana sarawa, kafin in sami wurin tsayawa ta yi amai a jikinta. Da yamma wata uwa ta shinshina rigar ɗanta, ta tambaye ni ko na koma sayar da mai ne. Na yi dariyar yaƙe kawai.

Na san za ki ce in kai wa bakanike. To, a nan gizo ke saƙa. Bakaniken wan mijina ne, Yaya Husseini, garejinsa yana kasuwar kayan mota ta Abossey Okai. Da na fita takaba dangi suka ce a sayar da motar, shi kaɗai ya tsaya mini, ya koya mini tuƙi da kansa. Sau uku na kai masa ita. Na farko ya sauya murfin tanki. Na biyu ya zagaya ta, ya ja numfashi, ya ce shi bai ji komai ba. Na uku ya yi dariya ya ce hancina ne ya cika fitina. Anti, bawan Allan nan shekara arba'in yana wanke hannu da fetur. A gabana shinkafa ta taɓa ƙonewa kusa da shi bai ji ba. Hancinsa ya daina aiki, amma wa zai buɗe baki ya faɗa masa? In kuma na kai wa wani, labari zai riga ni isa gida, don babu wanda bai san motar ƙaninsa ba a kasuwar nan. Kunyarsa nake ji kamar ta uba.

Dabarar da nake yi yanzu ita ce turaren wuta. Kafin yara su fito, sai in ajiye kasko da garwashi a gaban kujerar baya, in rufe gilasai na ɗan lokaci. Yana danne warin har mu yi rabin hanya.

In na ajiye motar, iyaye za su nemi wani direba, mu kwana da yunwa. In na ci gaba, 'ya'yan mutane nake ɗauka. Gaba kura, baya siyaki. Wallahi na gaji da tsoro.

Mai tuƙi daga Maamobi

AMSA

'Yar'uwa, ajiye jaridar nan ki je ki fitar da kaskon, sannan ki dawo mu ci gaba. Tururin fetur ne ke kama wuta, ba sai garwashi ya taɓa man ba. Kin haɗa su a mota rufe, Allah ne kawai ya tsare ku. Daga yau kuma kada yaro ko ɗaya ya shiga motar har a gyara ta. Ki faɗa wa iyayen gaskiya. Wadda ta tsayar da mota saboda lafiyar 'ya'yansu, ita za su jira.

Ni ba bakanike ba ce, amma na tambayi masu aikin. Warin da ya fi yawa a baya, ya kuma ƙaru in tanki ya cika, galibi daga wajen tankin yake fitowa. A motoci da yawa, in an ɗaga kujerar baya akwai wani murfi, a ƙarƙashinsa famfon mai yake. Robar da ke rufe bakinsa in ta tsufa, sai mai ya riƙa tsattsafowa. Yana iya zama kuma tiyon da ke kai mai cikin tanki ne ya tsage. Ki shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ki ga ko tana ɗiga. Jijjigar nan ma ki bar ta. In famfon gidan mai ya tsaya da kansa, tanki ya ƙoshi.

Sai Yaya Husseini. Ba mugunta yake miki ba, abin da bai ji ba ne ya ce babu. Kada ki ambaci hancinsa. Idonsa da yatsunsa suna nan garau, su za ki nema. Ki je da ladabi ki ce kin tsayar da motar tun da Zuera ta yi amai, ki roƙe shi ya zo gida ya ɗaga kujerar a gabanki. In akwai danshi a wurin, da kansa zai shafa ya gani. In bai samu ba, ki ce shi ya zaɓa miki abokin aikin da ya yarda da shi ya sake dubawa. Kin ga girmansa yana nan a hannunsa.

In duk ya ƙi, ki kira wani, kuma ki faɗa masa kafin ya ji a bakin mutane. Zai yi fushi, zai huce. Mutumin da ya ja da dangi don kada 'yar ƙaninsa ta rasa abinci, ba zai so a ce kunyarsa ce ta ƙone ta a kujerar baya ba.

Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba Zuera lafiya, ya kai ku makaranta ya dawo da ku lafiya.

Anti Mas'uda