Sunan Gwaggonka a Bayan Ambulan

Sham Shui Po, Hong Kong

Zuwa ga ɗana Kin-shing,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Pui-shan da jaririya Lok-yiu. Allah ya raya ta, ya ƙara wa uwarta lafiya. Hotonta yana aljihuna, babu wanda ban nuna wa ba a shagon shayi, har mai sayar da kifi ya ce in bar shi haka, ya haddace fuskar. Mahaifiyarka tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa.

Amma raina a ɓace yake. Katin walimar cikar yarinyar kwana ɗari ya isa hannun yayata Sau-ying. A bayan ambulan ka rubuta cikakken sunanta, ka bi shi da "neui-si", yadda ofishin gwamnati ke rubuta wa matar da bai sani ba. Kin-shing, ita ce neui-si? Matar da ta goya ka shekara huɗu ina dako a tashar jiragen ruwa? Sunanta a bakinka "gu-ma", babbar gwaggo, tun ba ka iya riƙe cokali ba. Na je na same ta ta ɗora butar shayi a kan katin. Ta ce tunda ta zama baƙuwar hajiya mai daraja, ba za ta zo ta takura wa 'yan gida ba, kuma a nemi wata ta rina jajayen ƙwan da ake raba wa baƙi a irin wannan walima, aikin da ita ta saba yi. Shekararta tamanin da shida. Walima nawa kake zaton ta rage mata?

Kada ka ce min haka mai buga kati ya tsara. Ni sai da na haura arba'in na shiga makarantar yamma, hannuna na warin gishiri, amma malaminmu bai bar mu ba sai da muka iya rubuta matsayin kowane ɗan uwa. Kai mai digiri biyu fa?

Ga sabon jan ambulan nan cikin wasiƙar. Ka rubuta mata "gu-ma" a bayansa da hannunka, ko da rubutun ya karkace, ka aiko kafin ku taso ku zo nan walimar. In ba haka ba, ranar walima ina ɗakinta muna cin taliya mu biyu, ka san abin da za ka faɗa wa surukanka.

Ka gaida Pui-shan da mahaifiyarta, da ƙanwarka Mei-kuen. Ka sumbaci goshin jikata.

Mahaifinka,
Mak Yiu-tong