Kyalle da Mai Hawan Jini

Zuwa ga Mairo, ɗiyar Baffa Sambo, sanyin ruwan gulbi, farin watan garin Sarandosa, inuwata ta tsakar rana, wadda muryarta ta fi mini ruwan farko daɗin ji!

Kin tuna ranar kasuwar Maiyama? Saniyarku ta karye a ƙafa, anka kira ni, Waliyyu mahauci ɗan mahauci daga Jega. Kina tsaye riƙe da maraƙinta Kyalle, yana kuka kina kuka, kin rufe mishi ido da mayafinki. Wayyo, idanun nan naki! Sai na miƙa ma wana Hafizu wuƙar, na ce hannuna ba ya yi. Tun ranar ba ki ƙara kai nama baki ba, ni ma haka. Ban ce haram ne ba, Allah Ya halatta, tausayi ne ya kama mu tare. Yau ga ni Aliero ina dashen albasa, 'yan uwana na kirana angon ganye. Su kira!

To, na ji Jumma'a Baffa zai tambaye ki wa kika zaɓa, ni ko Fahad mai shagon waya. Wai shi ma ya bar nama don tausayin dabba. Fahad! Tausayi! Kai, duniya da abin dariya take. Mutumin da a da ke tsayawa gaban tukubata yana nuna kitse da yatsa, mai na bin gemu nai har wuyan riga? Likita ne ya ɗaura mishi abin awo a dantse, ya ce in bai bari ba jini zai kayar da shi. Tsoron kabari ne, ya naɗa mishi rawani ya kawo miki zance. Cikinsa yake jinya, ya Mairo, ba ran kowa ba. Ran da anka ce jinin ya sauka, wallahi ko hula ba zai tsaya ɗauka ba, sai wurin nama.

Da nan ta tsaya da na yi shiru, don ni ban hana kowa neman lafiya ba. Amma shekaranjiya ya je wurin Hafizu ya ɗauke shi aikin yankan walimar aure, tun ba a ba shi ke ba, don rashin kunya. Ya ce ya ga wani bajimi mai farin goshi cikin garkenku, ya yi ƙiba, shi yake so. Hafizu ya ce wannan ai Kyallen Mairo ne, da hannunta ta shayar da shi. Kin san amsar wanga sakarai? Wai ina laifi, tunda shi ba zai ci ba, ke ma ba za ki ci ba, baƙi ne za su ci. Tir!

Ya tauraruwata, ya furen fadama, ni lafiyata ƙalau, ba wani magani da zai warkar da ni in koma ga nama. A bikinmu a ci shinkafa da wake, masu zunɗe su yi har bakinsu ya gaji. Kyalle zai tsufa ƙofar ɗakinki, ni zan yanko mishi ciyawa.

Kafin ki ba Baffa amsa, ki je garke ki shafa farin goshin nan. Fahad ya riga ya auna shi da ido.

Naki har a rufe ni da ƙasa,
Waliyyu