Jami'ar da ke saman shagon taya

Yaya Murtala,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya su Inna da Baba? An gama yankan gero a Tafashiya?

Ni lafiya lau nake a Kwatano, kada Inna ta damu. Sai dai jami'ar nan da muka gani a intanet, ashe ɗaki uku ce a saman shagon taya. Jiya na tambayi malaminmu ko ana karɓar takardarsu a gida, ya yi dariya ya ce, "Sai ka gwada."

Tun lokacin hankalina bai kwanta ba. Sai tuna shagon gem na Manu a Kankiya nake yi, inda in ka zura min ƙwallo sai in kashe na'ura mu sake. Nan kuwa ba a sakewa. Ga 'yan guruf ɗinmu na WhatsApp sai "Injiniya" suke kira na, ni kuma ina tura musu hoton dariya.

Don Allah ka shiga Katsina ka bincika mini. In takardar banza ce, kai za ka faɗa wa Baba, bakina ba zai iya ba. Amma ka bari sai ya ci abinci.

Ƙanenka,
Rufa'i