Babi Na Tara Na Littafin Tatar

Jidda, 4 ga Rajab, 1385

Zuwa ga mai ɗakina, sanyin idona, Zakiya.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Baba? Da fatan kumburin ƙafar ya saɓe, ya fara takawa zuwa masallaci. Yaya Inna da mutanen Mai Wurno baki ɗaya? Ni lafiya lau nake, sai dai ɗakinmu na unguwar Karantina ya yi mini faɗi tun da kika haye Sudan jinya.

Labarin da zan ba ki na maɗaba'a ne. Kafilina Ammi Hamad, mai maɗaba'ar, wanda ya tsaya mini a takardar zama, ya karɓo wani babban littafi, ni ya ɗora wa jera baƙaƙensa daga fari har ƙarshe. Mai littafin tsoho ne, Shaihu Abdulwahid, mutumin Bukhara. Yana saurayi ya gudo lokacin da 'yan gurguzu suka ci garinsu, bai sake ganinsa ba. Shekara ashirin ya yi yana rubuta tarihin Tatar, waɗanda ake kuma ce wa Mongol. Kullum da hantsi yakan zo maɗaba'a a unguwar Sharafiyya duba shafukan gwaji, da gurasar tamis mai zafi a hammata, mu raba.

Kin san ni, sau da yawa nakan jera shafi ban san abin da ke ciki ba, ido da yatsu kawai ke aiki. Wannan kuwa ya kama ni. Ashe sarkinsu Jankiz Khan maraya ne. Yana ɗan shekara tara aka sa wa ubansa guba, dangi suka kwashe dabbobi suka bar uwarsa da 'ya'yanta a daji, suna haƙar saiwa suna ci. Wannan marayan ne ya haɗa kan ƙabilun da ba sa ga maciji da juna, ya tsara su goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu, kuma ba ya tambayar ɗan wane ne mutum kafin ya ba shi runduna. Har wani da ya harbe masa doki a yaƙi, da ya amsa da bakinsa cewa shi ne, sai ya maishe shi kwamanda. Amma ranar da na jera cin Bukhara, da yawan rayukan da suka salwanta, na kasa cin abincin rana. Na tambayi Shaihu me ya sa yake faɗin alherin mutumin da ya ƙone garinsu. Ya ce, “Ya waladi, ɗana, ba don ina ƙaunarsa na rubuta ba. So nake mu san abin da yake da shi wanda sarakunanmu suka rasa, har ƙofofinmu suka buɗe.”

Yanzu ga abin da ke damuna. Takardun gwajin da suka lalace nakan ba Usuman mai ɗa'amiyya, ƙosan Larabawa, na bakin layi ya riƙa naɗe wa mutane, shekara da shekaru haka muke. Jiya ya shigo a firgice, ya ce wani mutum mai tsaftatacciyar tufa ya tsaya ya karanta takardar da aka naɗe masa, ya linke ta da mai da komai ya sa a aljihu, ya tambayi inda ta fito. Na duba, shafi ne daga babi na tara, inda jikan Jankiz, Hulaku, ya ci Bagadaza. Maganar shugaba ce da ya cika taska ya sallami soja, ya kewaye kansa da masu gaya masa abin da yake son ji. A duk shafin, Zakiya, ba suna, ba gari, ba shekara.

Ki sa ni a addu'a. Ki gai da Baba da Inna.

Mijinki,
Abdulghani

*

Jidda, 15 ga Rajab, 1385

Zuwa ga Zakiya, abokiyar sirrina.

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, Baba kuma yana samun sauƙi. Wasiƙarki ta iso ta hannun Na'ibi direba, na karanta ta sau uku. Wannan tawa kuwa, ki karanta ta ke kaɗai.

An rufe maɗaba'a. Mutum uku suka zo daga ofishin da ke duba littattafai, suka kwashe shafukan gwaji, suka manna jan hatimi a ƙofa. Wanda ya kai ƙara ya ce shagube ake yi wa masu mulki, kuma ana yabon kafiri. A nan ne wata ɓoyayya ta fito. Izinin da aka ba mu na babi takwas ne kawai. Shaihu ya kawo littattafan hannunsa goma sha biyu cif, kowane babi da littafinsa, ni na karɓa na jera su a kan kanta. Ammi Hamad ya ga idan ya kai duka za su daɗe a wurin masu dubawa, ga aikin Hajji na matsowa, sai ya kai takwas, ya ce mini, “Yalla, ka jera sauran, wa zai ƙirga?”

Shekaranjiya ya kira ni gidansa. Da hannunsa ya zuba mini gahawa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce idan an kira ni in ce takwas Shaihu ya kawo, daga baya ya riƙa zuro mini sauran a ɓoye. Ya ce tsoho ne, ba abin da za a yi masa. Sai ya tuna mini cewa mahaifinsa ne ya ɗauki babana aiki lokacin da ya iso daga Katagum da ƙafa bayan shekara bakwai a hanya, kuma su suka saya masa likkafani. Duk gaskiya ne. Da na tashi tafiya ya ce, kamar a wasa, iƙamata, takardar zamana, za ta ƙare a tsakiyar Sha'aban, ya kusa mantawa.

Zakiya, a nan aka yanke mini cibiya, amma a takarda baƙo ne ni. Fasfon da ke akwatina na ƙasar da ban taɓa takawa ba ne. Sa hannun mutum ɗaya ke riƙe da ni a garin haihuwata.

Jiya bayan la'asar na je wurin Shaihu. Ɗaki ɗaya ne, littattafai har rufi, tari ya hana shi sakat. Na gaya masa komai. Ya ce in yi yadda Hamad ya ce, shi ya riga ya ci zamaninsa, ni kuwa ina da iyali. Amma ni na san ba haka abin yake ba. Idan aka ce ya yi fasa-ƙwaurin rubutu, ba tsufa za a duba ba, kuma wannan ƙirjin ba zai yi mako biyu a tsare ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani shafi da na jera da kaina. Wasu mutane sun ɗaure ubangidansu, wanda yake abokin gāban Jankiz, suka kawo masa suna jiran tukuici. Ya sa aka kashe su, ya ce wanda ya ci amanar ubangidansa ba abin riƙewa ba ne. To ni fa? Idan na faɗi gaskiya na ɗaure wanda na ci gishirin gidansu tun ina rarrafe. Idan na yi ƙarya na ɗaure tsohon da bai yi mini komai ba sai alheri. Kuma hannuna ne ya miƙa wa Usuman takardar.

An ce in je ranar ashirin ga wata. Da kina nan da na ji ta bakinki.

Naki har kullum,
Abdulghani

*

Jidda, 29 ga Rajab, 1385

Zuwa ga mai ɗakina Zakiya.

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan alheri gare ki da Baba da Inna. Ki yafe mini jinkiri, sai yau na samu sukunin rubutu.

Na je. Ɗaki ne mai fanka ɗaya, mai binciken dattijo ne siriri, ga littattafan Shaihu a gabansa. Ammi Hamad na zaune a dama, Shaihu a hagu ya dogara da sanda. Har na shiga ban san abin da zan faɗa ba, wallahi. Ya tambayi sunana da inda aka haife ni. Na ce Jidda. Ya dubi iƙamata, ya dube ni. Sannan ya ce, “Littafi nawa aka kawo maɗaba'a ranar farko?”

Na ji Ammi Hamad ya gyara murya. Na tuna likkafanin babana. Na kuma tuna cewa ni ma za a sa ni a nawa, kuma can ba a tafiya da kafili. Na ce, “Goma sha biyu, ranka ya daɗe. Ni na ƙirga su.” Ya ce wa ya ba da umarnin jera na tara. Na faɗa. Ya ce wa ya fitar da shafin waje. Na ce ni ne, ba da sanin kowa ba, kuma laifina ne.

Sai ya juya ga Shaihu ya ce wa yake nufi da shugaban da ya cika taska. Tsohon nan ya miƙe duk da an ce ya zauna. Ya ce halifan Bagadaza na ƙarshe yake nufi, shekara ta ɗari shida da hamsin da shida, kuma sunansa na nan a shafin da ke gaba da wanda aka naɗe ɗa'amiyya. Game da yabon kafiri kuwa, ya ce a karanta babi na sha biyu. Jikokin waɗanda suka ɗaure dawakai a masallacin Bukhara su ne suka musulunta, suka gina makarantun da shi kansa ya yi karatu a ciki. Ya ce, “Wataƙila jininsu na jikina. Ba zan iya zagin su in tsira ba, ba zan iya yabon su in tsira ba. Shi ya sa na faɗi duka biyun.”

Dattijon ya ce ya kwana uku yana karanta littafin, bai ga laifin mai shi ba. Aka sallami Shaihu. Amma izinin ya mutu, tunda an saɓa masa, kuma maɗaba'a za ta zauna a rufe wata biyu. Ni an yi mini kashedi kawai.

A bakin ƙofa Ammi Hamad bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Halas, shi ke nan, ya Abdulghani.” An ba shi kwana huɗu a buɗe don a wargaza shafukan, kuma ni ya sa. Shafi ɗari uku da sittin, aikin wata huɗu, na kwance su ɗaya bayan ɗaya, ina mayar da kowane baƙin dalma gidansa. Ban yi kuka ba sai da na kai kan marayan da uwarsa suna haƙar saiwa.

Shaihu yana da takardar ɗan ƙasa, ya ce zai zama kafilina idan Ammi Hamad ya yarda ya sake ni. Gobe zai je masa da kansa. Kada ki gaya wa Baba tukuna.

Mijinki mai kewarki,
Abdulghani

*

Jidda, 10 ga Sha'aban, 1385

Zuwa ga Zakiya, hasken gidana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya kike, yaya Baba da Inna? Na ji daɗin jin ya fara fita sallar Juma'a.

Yanzu kina iya gaya masa. Sau uku Shaihu ya je, limamin unguwarmu ma ya je, Ammi Hamad ya ƙi. An buga mini hatimin fita ba dawowa a fasfo. Jirgin ruwan Bur Sudan zai tashi nan da kwana huɗu, daga can in hau jirgin ƙasa. Na ɗaure kayanki duka, har turmin da kika ce kada in ba kowa aro. Ɗakin na bar wa maƙwabciyarmu Rahamatu da marayunta.

Na je na yi wa Ammi Hamad sallama, don ba na son in bar garin da gāba. Bai fito ba. Mahaifiyarsa ce ta aiko mini da dabino a ƙunshi, ta ce in yafe, ita ma ta yafe. Ban yi nadama ba, Zakiya, amma kada ki zaci ba ya yi mini ciwo.

Shaihu ya karɓo littattafan hannunsa, kuma ya damƙa mini su duka goma sha biyun. Na ce ai aikin ransa ne. Ya ce shi ya sa, shi ransa ba zai kai ga wani izinin ba, ni kuwa na san kowane shafi. Ki tambayi yayanki Rafi'u ko ya san wata maɗaba'a a Khartum ko Umdurman da ke neman mai jera baƙaƙe. Ko shara ce zan fara da ita.

Jiya na ziyarci kabarin babana da na mahaifiyata, daga nan na biya wurin Shaihu. Na ce masa shi da ya taɓa barin garinsu, ya koya mini yadda ake yi. Ya sa na zauna kusa da shi. Sannan ya ce ranar da suka fito daga Bukhara mahaifinsa ya hana shi waiwaye don kada ya karaya, ya kuwa bi umarni. Yau shekara arba'in da biyar yana ƙoƙarin tuna kamannin ƙofar da suka fita ta cikinta, ya kasa. Ya ce, “Kai ka waiwaya, ya waladi. Ka tsaya a bayan jirgi ka kalli Jidda har ta ɓace.”

Haka zan yi. Idan na iso kika ga idona ya yi ja, kada ki tambaye ni a gaban Baba.

Ki gai da kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Abdulghani