Kada Ka Taho Sai Bayan Jarrabawa

Baban Sadiq, sanyin idona, inuwar mangwarona da tsakar rana, ruwan randata, abu ɗaya nake roƙonka: kada ka taho. Ka zauna a Ilori ka rubuta jarrabawarka. Saura kwana tara, ina ƙirgawa.

Rifkatu maƙwabciyarmu ce ke rubuta mini, na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara. Ban kira ka ba don na san halina. In na ji muryarka kuka zan yi in ce ka zo, kai kuma ko takalmi ba za ka tsaya nema ba.

Na ji Yaya Maiwada ya buga maka waya cewa Sadiq na asibiti, ka ce za ka ajiye kos ɗin ka hau mota. Gaskiya ne, yana kwance. Tsoro kuma ina ji, ba zan ɓoye maka ba. Amma tsaya ka ji.

Ka tuna hutun da ka zo, ranar da ruwa ya tsare mu a ɗaki yana dukan kwano? Kana bitar karatunka na jinyar yara da ƙarfi, ina ɓarar gyaɗa. Na tsokane ka, na ce me kuma za a koya wa nas mai shekara shida a bakin aiki? Ka ce yara daban ne, ba sa faɗin inda ke musu ciwo. Sai ka sa mini carbinka a hannu, ka ɗage rigar Sadiq, ka saita mini minti ɗaya a waya. Ka ce duk ɗagawar ƙirjinsa in ja ƙwaya ɗaya. In na wuce shaidar farko na kai rabin ta biyu wayar ba ta yi ƙara ba, kada in jira kowa. Hannunka a kan nawa, wayyo! Ni ranar nawa ƙirjin nake ji, yana fat-fat kamar tattabarar da aka kama.

Ranar Talata da hantsi ya ƙi nono, jikinsa zafi rau. Inna ta ce haƙori ne. Na ɗauko carbin. Na ja, na ja, na wuce wurin da ka nuna mini, waya shiru. Na goya shi, na tari keke napep daga unguwarmu Barkin Sale zuwa asibiti, takalmina ma wari da wari.

Sista Margaret ce ta karɓe mu. Ta ce limoniya ce, ciwon huhu, ta sa masa robar iska a hanci. An yi ta neman jijiyar da za a sa masa ruwa an rasa, ita sau ɗaya ta taɓa ta samu. Ta tambaye ni wa ya koya mini ƙirga numfashi. Na ce mijina! Da ƙarfi na faɗa, har matan gadon kusa suka juyo. Ashe irin takardar da kake nema ce da ita, kuma a ɗakin nan ita kaɗai gare ta. In ta tashi aiki, mu iyaye ƙofa muke zuba wa ido har ta dawo.

To in ka taho, hasken gidana, me za ka yi wa Sadiq da ba ta yi ba? Ka riƙe mini hannu? Ina so, Allah Ya sani, ina so kamar yadda kunyar doya ke jiran ruwan fari. Amma da bakinka ka ce wanda bai zauna jarrabawar ba sai baɗi, kuma ba lallai a sake ba ka hutun karatu ba. Wata goma sha ɗaya ina share ɗaki, ina goge takalmin da ba a sawa, duk ya tafi a banza? Matar da za ta shigo da ɗanta bana ta tarar Sista ta tashi fa, wa zai taɓa mata jijiya?

Yau ya kama nono. Da safen nan na ja carbi, shaidar farko da ƙwaya goma sha ɗaya kawai. Sista ta ce in ya ɗore haka, jibi a cire robar. Safe da yamma Rifkatu za ta turo maka abin da na ƙirga. In ya sake hawa, ni da kaina zan kira ka. Ban taɓa yi maka ƙarya ba, ba kuma a kan ɗanka zan fara ba.

Ni taka ce, ƙanshin ƙasata bayan yayyafi. Ko kwana tara ya zama shekara tara, a ƙofar nan za ka same ni, har ranar da za a rasa abin ƙirgawa a ƙirjina.

Na faɗa wa Inna, ta yi faɗa ta gaji ta sa albarka. Na faɗa wa Yaya Maiwada kada ya je tasha tarar kowa. Na faɗa wa Sista, ta ce a ce maka tana jiran mai kama mata aiki. Sadiq ma na raɗa masa a kunne cewa Babansa ba zai zo ba sai ya gama. Kada ka sa in zama maƙaryaciya a gaban ɗana.

Taka har abada,
Zulaiha, Maman Sadiq