Kada Ka Sayo wa Baba Amfilfayar Nan Tukuna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa gare ka da iyalinka, da fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara maka buɗi a wurin aiki, ya raya mana yara. Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Ciwon gwiwar Umma ya yi sauƙi tun da muka hana ta hawa bene yin shanya, Auta ta gama jarrabawa tana ta sharar barci kamar aikin da aka ɗauke ta ke nan, ni kuma ɗinki ya yi mini yawa a shago har na ƙara keke ɗaya.

Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, don ka san gidanmu, ba a gama waya sai kowa ya ji abin da aka ce. Na samu labarin Baba ya kira ka ranar Lahadi, ya ce ka sayo masa amfilfaya, na'urar nan ta ƙara ƙarfin sauti, da manyan sifiku na mota, wai a wajenku sun fi araha kuma babu jabu. Don Allah ka dakata, ka karanta wannan tukuna.

Wata huɗu ke nan Baba ya fara ƙorafi da rediyon motarsa. Kullum da safe idan zai sauke ni a shago yana jin labarai, sai ya ce mai karantawar kamar a cikin tukunya yake magana. Da farko gaskiyarsa ce, don sifikar ƙofar gefena ta yage, tana ta karkarwa. Ya ce zai canza na gaba guda biyu, kuma ka san fanshonsa ba ya jure wasa, shi ya sa na ce sai dai mu je tare. Muka je wurin wani mai wayarin a layin masu gyaran mota, shago ne ɗan ƙarami, wayoyi sun rataya ko'ina, ga kwalayen sifiku jere har rufi. Tun daga yadda ya tarbe mu ban yarda da shi ba, bakinsa ya cika zaƙi. Ya ce kada mu dubi manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali, duk kuri ne. Ya ce mu ɗaga sifika mu ji nauyin maganaɗisunta, mu tabbata girmanta daidai yake da ramin ƙofa don kada a yanka ƙarfe, sannan mu saurara da kunnenmu. Ya haɗa kala uku da batir ya kunna mana. Ni na zaɓi ta tsakiya, mai sauƙin kuɗi, murya tana fita tas. Baba ya ce shi duk ɗaya ya ji su. A raina na ce mutumin nan ya koya mana wayo ne don mu saki jiki.

Ba a yi mako biyu ba Baba ya ce an cuce shi, sababbin ma ba su da maraba da tsofaffin. Ya koma shi kaɗai bai faɗa mini ba, ya dawo da sifiku biyu a baya da wasu 'yan ƙanana a kan gaban mota, waɗanda aka ce suna fito da siririn sauti. Abin da ya tanada don canza tayoyin baya ne ya tafi a nan, tayoyin kuwa sun suɗe kamar tafin hannu. Raina ya ɓaci. Na ɗauko kwalin farko na duba, na ga an liƙe bakinsa sau biyu, sai na ce shi ke nan, tsofaffi ya goge ya sa mana, sababbin ya mayar kan kanta. Na roƙi Kawu ya zo da sukundireba ranar da Baba ya tafi ɗaurin aure a motar abokinsa, muka buɗe marfin ƙofa a ɓoye kamar ɓarayi. Yaya, sifikun nan sababbi ne fil, waɗanda na zaɓa, wayoyin an naɗe su tsaf. Kawu ya kunna rediyo, sai da maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga. Ya ce shi a motarsa ko rabin wannan bai samu ba.

Duk da haka ban haƙura ba. Washegari na rufe shago da rana na tafi wurin mai wayarin da niyyar in yi masa tatas. Ya bar ni na gama faɗana, sannan ya ba ni kujera. Ya ce Baba ya zo masa karo na uku yana neman amfilfaya, shi kuma ya ƙi sayar masa, abin da ya sa Baba ya nemo ka ke nan. Ya ce a ranar ya zauna da shi a cikin motar, ya murɗa sautin gaba ɗaya zuwa ƙofar direba ba tare da ya faɗa masa ba, sai Baba ya ce ai ga shi nan, rediyon ma ya mutu. Alhali motar tana amsawa. Ya ce ko amfilfaya goma aka sa, ƙara Baba zai ji, ba kalmomi ba, kuma shi ba likita ba ne amma mu kai shi a duba masa kunne. Na tambaye shi me ya sa bai faɗi haka ba kafin ya karɓi kuɗin na baya. Ya ce a lokacin bai gane ba. Har yau ban san ko in yarda da wannan ba, don mai kaya ba ya rasa amsa. Amma na fito daga shagon ban ƙara yi masa faɗa ba.

Daga nan na koma sa ido a gida, kuma abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Baba yana juyo da kunne ɗaya idan ana magana. Idan baƙo ya yi tambaya, Umma ce take saurin maimaitawa da ƙarfi kamar ita ce ba ta ji ba. Ta canza wurin zamanta a falo, ta koma ɗaya gefensa, ta ce mana wai iskar fanka ce take damun ta. Da na tsare ta a kicin, ta ci gaba da yankan albasa ta ce in bar mutum da girmansa. Wato ta fi shekara da sani, mu ne aka mayar 'yan kallo.

Abin da ya hana ni yin shiru ya faru ranar Laraba. Muna shiga babban titi, wata babbar mota ta taho ta gefensa tana ta danna hon, Baba bai ko waiwaya ba sai da na ƙwalla ihu na riƙe masa hannu. Da muka tsaya a ƙofar shago ban sauka ba. Na kashe rediyon, na matso kusa, na faɗa masa duk abin da na yi, har da buɗe ƙofar da muka yi da Kawu. Na zaci zai yi mini faɗa. Sai ya ce shekara talatin da biyar yana tuƙi bai taɓa taka ko kaza ba, kuma ya san ranar da muka ji maganar kunne, ranar za mu karɓe makulli mu zaunar da shi a ƙofar gida. Ya ce shi ya sa ya ɗora laifin a kan sifika, ai sifika ana iya canza ta. Yaya, ban taɓa jin muryar Baba haka ba.

To ga inda muke. Ya yarda mu je asibitin kunne ranar Talata, bisa sharaɗi biyu: shi zai tuƙa mu, kuma kada Umma ta sani. Na amsa masa duka biyun. Abin da ka yi niyyar kashewa a amfilfaya ka riƙe shi, wataƙila a ce sai na'urar ji, ga kuma tayoyin nan. Idan ka kira shi kada ka ambaci makulli, kada kuma ka nuna na rubuto maka, ka dai ɗaga murya kaɗan ka yi magana a hankali. Ita kuwa Umma da aka ce kada ta sani, jiya na same ta tana goge masa farar rigarsa, ta rataye ta daban. Ba ta kalle ni ba ta ce wannan ta ranar Talata ce, kada kowa ya taɓa.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da Babban Mutum da 'yar takwarata, ka ce ɗinkinsu yana nan zuwa. Umma da Kawu da Auta duk suna gaishe ku. Ka sa mu a addu'a, Allah ya sa abin ya zo da sauƙi.

Wassalam, taka har kullum,
Ƙanwarka